Yatsu Uku da Suka Ɓata a Cikin Inji

Salama gare ku, 'yan aji! Malama Briskila ta ce kowa ya zo da misali ɗaya yau Lahadi. To ni nawa ko hucewa bai yi ba, ran Alhamis ɗin nan abin ya faru, a nan bakin koginmu, kuma tun ranar bakina ke ƙaiƙayi! Daga bakin mutum uku da abin ya faru da su na ji shi, jiya na zauna na rubuta don kada wani abu ya kuɓuce mini. Malama ta ce a misali ba a kama suna, sai dai a ce wani mutum, wata mata. Haka zan yi. Wanda ya gane su ya yi shiru abinsa.

Akwai wani mutum da yake da jirgin ruwa. Ba kwalekwale ba fa, babban jirgi na katako mai rumfa, da injin dizal a cikinsa, irin wanda in ya tashi har a ƙirjinka kake jin sa. Shi kaɗai ne mai irin wannan jirgi a kwatar garinsu, wato bakin kogi inda jirage ke tsayawa. Yana da mata, sana'arta bandar kifi a nan bakin kwata. Yana kuma da tsohuwar uwa, wadda take zaune a tsibiri can tsakiyar kogi, inda aka haife shi.

Sai ya zama a shekarar nan kogi ya cika fiye da yadda ya saba. Mutanen tsibiri suka yi ta kwashe kaya suna hayewa tudu, gida bayan gida. Amma tsofaffi goma sha huɗu suka ce su ba inda za su, wai sun ga ruwan da ya fi wannan tun ba a haifi iyayenmu ba. Uwar mutumin nan kuwa ita ce shugabar masu taurin kan. Mai bisharar tsibirin ya ga ba zai bar su su kaɗai ba, sai ya zauna tare da su.

Ran Alhamis da safe mai bishara ya bugo waya. Ya ce ruwa ya cinye gidaje, duk sun taru a coci domin nan ne tudu, kuma ga ruwa a bakin ƙofa yana leƙowa. Tsofaffi sun yarda yanzu, a zo a ɗauke su. Kwalekwale ba zai iya ƙetare tsakiyar kogi ba saboda ƙarfin ruwa da manyan itatuwan da yake tahowa da su. Sai jirgin mutumin nan. Kuma dole a je a dawo da sauran rana, gama ba mai ganin kututture a cikin duhu.

Yanzu sai na gaya muku yadda injin nan yake, in ba haka ba ba za ku gane misalin ba. Ku yi haƙuri, gajere ne! Inji in yana aiki zafi yake yi, kamar mutum a gona. Kogin da jirgi yake tafiya a kai, shi ne yake sanyaya shi. Akwai wata kafa a ƙarƙashin jirgi inda ruwa ke shiga, ya bi ta rariya mai tare ciyawa, ya iso wani ɗan famfo. A cikin famfon akwai wata baƙar roba, ba ta fi tafin hannuna ba, da yatsu goma sha biyu kewaye da ita. Makanikai na ce mata imfela. Tana juyawa, yatsun suna tura ruwa ta cikin tiyo zuwa wani dogon gwangwani na ƙarfe mai cike da siraran bututu, kowanne kamar sillen kara. A nan ruwan kogi yake kwashe zafin inji, sa'an nan ya fita ta salansa a bayan jirgi, fatsal-fatsal. Muddin ruwan nan yana fita sosai, inji lafiya. In ya ragu ko ya tsaya, minti kaɗan inji zai dahu.

To, ashe ran Laraba wata leda ta manne a bakin kafar nan, ruwa bai shiga ba, robar ta yi ta juyawa a bushe har ta ƙone. Mutumin ya lura da wuri, ya kashe inji. Shi mutum ne mai tanadi, yana da sabuwa a kwali. Don haka ran Alhamis, ana gama wayar nan, ya rufe makunnin ruwa don kada kogi ya shigo masa jirgi, ya kwance murfin famfo, ya zare tsohuwar roba, ya wurgar da ita kan yashi. Ya shafa wa sabuwar sabulu, ya zura ta, ya ɗaure murfi, ya buɗe makunni, ya ta da inji. Ruwa ya fito ta salansa. Mutanen kwata suka yi shewa.

Matarsa kuwa tana can tana fama da ɗanyen icce, ya ƙi kamawa. Kun san matan kwata, in sun ga guntuwar roba ba sa barin ta, da ita ake hura wuta. Sai ta je ta ɗauko tsohuwar robar. Har ta kai ta bakin murhu, sai ta tsaya, ta juya ta a hannu. Ta ɗauki kwalin sabuwar da ke yashe a wurin, ta dubi hoton da ke jiki, ta ƙirga. Ta sake duban ta hannunta, ta ƙirga. Sai ta ɗaga murya.

"Maigida! Tsaya tukuna!"

Ya ce, "Me kuma? Ba ki ga sauri nake ba?"

Ta ce, "Ta kwali yatsunta goma sha biyu. Wannan tara ne. Ina ukun?"

Ya ce, "Sun karye mana. Ba shi ya sa na canza ta ba?"

Ta ce, "Na ga sun karye. Na ce ina suke?"

Ya ce, "Kogi ya tafi da su."

Ta ce, "Ta ina?"

Sai mutanen kwata suka fashe da dariya. Sarkin kwata, wani dattijo mai baki, yana zaune kan kifaffen kwalekwale, ya ce, "Kai, yau mun samu sabon makanike! 'Yata, koma wa kifinki kada ya ƙone. Inji ya tashi, ruwa na fita, tsofaffi na can ƙafa a ruwa, ke kina ƙirga yatsun roba?"

Ta amsa ta ce, "Baba, ni ban san inji ba. Amma in na gyara wa yaro kifi, na ga ƙaya ba ta cika a faranti ba, ba na cewa kyanwa ta ɗauke. Na san tana cikin tsokar."

Mutumin ya ji maganar, ta kuma taɓa shi, shi da kansa ya faɗa daga baya. Amma ya dubi rana, ya dubi kogi, ya tuna uwarsa. Sai ya ce, "In na dawo ma duba." Ya kwance igiya, ya tura jirgi.

A bakin gaɓa, inda ruwa yake kwance, komai lafiya lau. Inji na waƙarsa, allurar agogon da ke nuna zafin inji na zaune a wurinta. Amma da ya shiga tsakiyar kogi, inda ruwa yake da ƙarfi, ya ba inji wuta sosai, sai ga allura ta fara hawa. Ya waiwaya baya. Ruwan salansa ya koma ɗis-ɗis, kamar famfon makarantarmu da rani, ga farin tururi na fita, ga warin roba. Allura ta doshi ja! Ya san in ya ƙara minti biyu, inji zai dahu, kuma in inji ya dahu ba gyaran yini ɗaya ba ne, ba ma na mako ɗaya ba. Yana hango rufin cocin tsibiri, har yana hango fararen kallabin tsofaffi a taga. Ya rage wuta, ya juya kan jirgi, ya lallaɓa da ɗan ƙarfin da ya saura har ya fita daga igiyar ruwa, sa'an nan ya kashe inji. Ruwa ya kwashe shi ya kai shi can ƙasa da kwata, wajen gonakin rake. Sai da maza takwas suka bi gaɓa suka jawo jirgin da igiya. Kafin su iso, rana ta kusa tsaka.

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Matarsa ba ta ce "ai na faɗa maka" ba, ko da yake ta ce mini maganar ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta. Abin da ta yi, ta juye kifin da ke babban farantinta a kwando, ta ɗauraye farantin, ta ɗora tsohuwar robar a tsakiya, ta tattare zanenta ta shiga jirgi ta zauna kusa da inji.

Ta ce, "Duk abin da ka kwance, sa shi nan. Duk wanda ka samo, mu gwada shi a mazauninsa."

Mutumin ya tsaya a tsakiyar jirginsa ya ce wa mutanen kwata, "Ku ji. Jirgin nan ba zai sake barin gaɓa ba sai yatsu goma sha biyu sun cika a farantin nan. Wanda zai zage ni ya zage ni."

Sai da suka jira inji ya huce, gama ba a taɓa shi da zafi. Jiran nan, ya ce, ya fi masa komai wuya. Yana zaune, hannu a haɓa, sai waya ta yi ƙara. Mai bishara ne. Ya ce ruwa ya shiga coci, ya kai idon sawu, shi kuma ya hau da tsofaffi kan benci. Sai aka ji wata murya tana cewa a ba ta wayar.

Uwarsa ta ce, "Kai ɗan nan, mun gan ka ka zo ka juya. Mantuwa ka yi?"

Ya ce, "Mama, inji ne. Akwai abin da ya maƙale a ciki, sai na ciro shi. Zai ɗauki lokaci." Muryarsa na rawa.

Ta ce, "To me ya sa kake magana kamar mai jin sanyi? Wata tara na jira ka, awa biyu ce za ta gagare ni? Gyara abinka da kyau. Kada ka zo ka ɗebe mu ka je ka ajiye mu a tsakiyar kogi, nan aƙalla muna da benci."

Ta kashe wayar, ba ko sallama!

Sai ya tashi ya kama aiki. Ya rufe makunnin ruwa. Ya sake buɗe famfo, ya zare sabuwar robar ya duba ta, Allah ya taimaka ba ta ƙone ba, yatsunta cif. Ya zura yatsansa a kafar da ruwa ke fita daga famfo, sai ga na farko, a lanƙwashe, ya maƙale a lungu. Matar ta karɓa ta gwada shi a jikin tsohuwar robar, ya zauna daram. Goma ke nan.

Ya kwance tiyon da ya tashi daga famfo zuwa gwangwani. Ya leƙa, duhu. Ya busa, iska ta wuce. Sarkin kwata ya ce, "Ka gani, ba komai, mai da shi." Amma mutumin ya ɗebo ruwa a bokiti ya ɗura ta ɗaya bakin da ƙarfi, ya girgiza, ya buga shi a gefen jirgi, sai ga na biyu ya faɗo daga inda tiyon ya yi gwiwa. Goma sha ɗaya!

Nan fa kwata ta rikice. Kowa na cewa ya isa, ya isa, a tafi. Wata mata da mahaifinta ke tsibiri tana kuka tana cewa, "Saboda guntun roba ɗaya za ka bar mana iyaye a ruwa?" Sarkin kwata ya sauko daga kan kwalekwalensa ya zo har bakin jirgi.

Ya ce, "Ɗana, ka yi ƙoƙari. Biyu cikin uku ai ba laifi. Na ukun ya bi salansa ya fita tuntuni. Dubi inuwarka, ta fara komawa gabas."

Mutumin ya amsa ya ce, "Baba, ranka ya daɗe, bututun da ke cikin gwangwanin nan ko ƙwayar masara ba ta wucewa. Ta yaya yatsan roba zai wuce? Bai fita ba. Yana ciki."

Sarkin kwata ya ce, "In kuma ka buɗe ba ka same shi ba fa?"

Ya ce, "Sai in buɗe na gaba."

Murfin gwangwanin noti huɗu ne. Uku suka kwance ba gardama. Na huɗun ya yi tsatsa, ya kafe. In ya matsa da ƙarfi ya karye, shi ke nan, magana ta ƙare, ba tafiya yau. Ya ɗiga masa mai, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya jira. Ya juya shi baya kaɗan, gaba kaɗan. Gumi na zuba daga haɓarsa a kan sifana. Mutane na ta surutu a kansa, bai ɗaga ido ba ko sau ɗaya. Can sai notin ya yi ƙiii, ya saki.

Ya cire murfin ya miƙa wa matarsa, ya leƙa. Ga bakunan bututu jere kamar saƙar zuma, ga kuma baƙin abu kwance a kansu ya rufe kusan rabi. Ya ciro shi ya ɗaga sama, kwata ta ɗauki guɗa, har sarkin kwata ya cire hula yana kaɗawa!

Matar ta karɓa ta gwada a mazauni na ƙarshe. Ta juya shi ta sake gwadawa.

Ta ce, "Maigida, bai kai ba."

Ya ce, "Kamar yaya bai kai ba?"

Ta ce, "Duba. Sauran duk tsawonsu ɗaya. Wannan gajere ne, kansa ya guntule. Da saura."

Wayyo, 'yan aji, da kun ji abin da mutane suka faɗa mata! Wani ya ce a fitar da matar nan daga jirgi. Wani ya ce ita da surukarta dama can ba sa shiri, wanda kuwa ƙarya ce tsagwaronta, tsohuwar ta fi son ta a kan ɗan nata. Shi kansa maigidan ya dafe kai da hannu biyu. Abin da ya ɓata bai fi farcen babban yatsa ba. Sa'an nan ya sauke hannu ya ce, "Na ce goma sha biyu. Ban ce goma sha ɗaya da rabi ba."

Ya zari tsinke daga tsintsiyar kwakwa, domin ƙarfe zai iya huda bututun, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsokana. Taɓo ya fito, 'yan ƙananan katantanwa suka fito, roba ba ta fito ba. Ya sake duba tiyo. Ya sake duba famfo. Ya laluba ƙasan jirgi ko ya faɗi bai gani ba. Babu.

Matar kuwa murfin nan na hannunta tun ɗazu. Da ta ga ya yi taɓo, ta sunkuya za ta wanke shi a kogi kafin a mayar. Shi murfin yana da ɗan wuya kamar na kwalba, inda tiyo ke shiga, ta nan duk ruwan yake bi. Ta ɗebi ruwa ta zuba ta wuyan, sai ta ga yana fita da ƙyar. Ta kafa baki ta busa, kumatunta suka cika. Ta ɗaga shi saitin rana ta leƙa.

"Ga shi nan! Ga ɗan banzan nan!"

Ashe ya gindaya a cikin wuyan murfin, daidai ƙofar da ruwa ke shiga. In inji na tafiya a hankali sai ya kwanta, ruwa ya wuce ta gefensa. In aka ba da wuta, ruwa ya taho da ƙarfi, sai ya miƙe ya toshe hanya. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi ne ya zauna a wuri mafi muni! Aka tura shi da tsinke ya faɗo a faranti, ta haɗa shi da ɗan'uwansa, suka cike mazaunin. Ta ƙirga da ƙarfi, mutanen kwata na amsa mata, tun daga ɗaya har goma sha biyu.

Ya mayar da komai a wurinsa, ya wanke rariya, ya buɗe makunni, ya ta da inji. Kai! Ruwan da ya fito ta salansa, sai da ya jiƙa wa sarkin kwata wando. Shi kansa mai jirgin ya ce ya fi shekara bai ga ya fita haka ba. Sarkin kwata ya kakkaɓe wandonsa ya ce, "'Yata, na janye maganata. Gobe ki zo ki duba mini rediyo."

Jirgi ya tashi wajen ƙarfe uku. Ya ratsa tsakiyar kogi, allura ko motsi ba ta yi ba. A tsibiri ya tarar ruwa ya kai gwiwa a cikin coci. Shi da mai bishara suka yi ta goyo tsofaffin nan ɗaya-ɗaya zuwa jirgi, da ƙunshin kayansu, da awaki shida, da kaji a kwando. Dawowar ita ce gwajin gaske, gama jirgi ya yi nauyi, kuma dole ya tunkari ƙarfin ruwa, inji a ƙarshen ƙarfinsa kusan awa guda ba hutawa. A daidai tsakiya wani ƙaton kututture ya taho musu, da rassansa da komai. Ya ƙara wuta har ƙarshe ya kauce, kututturen ya wuce ta bayansu har yana gogar jirgi. Da inji ya yi tari ko sau ɗaya a wurin nan, da yau wani labari ake yi a garin nan. Amma bai yi ba! Suka iso kwata da sauran rana, su goma sha huɗu cif, ba wanda ko takalminsa ya ɓata. Tsohuwar uwar tasa tana gidanmu yanzu haka, tana ta faɗa wai tuwonmu ba gishiri.

Ma'anar wannan misali kuwa, ga ta.

Jirgin nan kai ne, ni ce. Sabuwar robar ita ce tuba. In mun yi laifi muka roƙi Ubangiji, yana gafarta mana da gaske, yana ba mu sabuwar zuciya, ba ya ba mu tsohuwa da faci. Wannan ba shakka a cikinsa. Sabuwar robar mutumin nan ba ta da aibi ko kaɗan.

Amma tsohuwar zuciyar nan, lokacin da take karyewa, gutsattsarinta ba ɓacewa suke yi ba. Gaba suke wucewa, su shiga cikin wasu mutane su maƙale. Ƙaryar da ka yi wa wani a gaban malami har aka yi masa bulala, ka yi addu'a an gafarta maka, amma har yau malamin yana ganinsa maƙaryaci. Sunan banzan da kika laƙa wa wata a aji, ke kin daina faɗa tun bara, amma 'yan aji ba su daina ba, da shi take kwana da shi take tashi. In aka tambaye mu ina abubuwan nan, sai mu ce ai ya wuce, kogi ya tafi da shi. To ta ina? Zuciyar mutum ƙofarta siririya ce, abin da ya shiga ba ya fita da kansa.

Kuma kun lura a bakin gaɓa komai lafiya? Haka yake. Ana gaisawa, ana waƙa tare a ƙungiyar mawaƙa, kowa na murmushi. Sai ranar da aka shiga tsakiyar kogi, ranar rashin lafiya, ko ranar da kike bukatar mutumin nan ya tsaya miki ko ke ki tsaya masa, ran nan abin zai miƙe ya toshe hanya. Kuma ba ke kaɗai ce a jirgin ba, akwai waɗanda suke jiran ki ɗauke su.

Matar nan mai faranti ita ce duk wanda Allah ya sa kusa da kai da zai ce maka bai cika ba. Wataƙila mamarka ce, wataƙila ƙawarki. Ba daɗin ji, na sani. Kada ka kore ta daga jirgi. Mutanen kwata kuwa ba mugaye ba ne, kowa cikinsu alheri yake so, amma su ne muryar da ke cewa biyu cikin uku ai ya isa. Za ka ji ta, har a cikin kanka za ka ji ta. Za ta ce ka riga ka ba mutum biyu haƙuri, na ukun ƙaramin abu ne, in ka tono shi ma kunya za ka sha. Notin nan mai tsatsa, shi ne bakinka a ranar da za ka ce, "Ni ne na yi, ka yafe mini." Ba ya kwancewa da sauƙi. Ka yi ta juya shi a hankali har ya saki.

Don haka kada kowa ya fita daga nan yana cewa kawai na tuba. Ka zauna ka ƙirga. Wa na ɓata wa? Me na faɗa, a gaban wa? Sa'an nan ka tashi ka bi su ɗaya-ɗaya, in a gaban mutane ka ɓata, a gaban mutanen za ka gyara. Wanda ka fi rainawa, wanda kake cewa wannan ai ba komai ba ne, shi za ka fi nema.

Ni da nake karanta muku, jiya da na gama rubutu na ƙirga nawa. Biyu ne da rabi. Biyun suna gida, na riga na ciro su tun da safe kafin mu taho. Rabin kuwa yana wurin wata da ke zaune a cikin ajin nan, a benci na uku, ta kuma san kanta. Ana yin addu'ar tashi, kada ki gudu. Ina zuwa wurinki.